Halartar da Zuciya a Tsakiyar Hidimar Yini

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya nuna mana wannan wata mai alfarma muna raye. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi maza da mata, darasinmu na yau amsa ce ga wata tambaya da ke yawaita a bakin jama'a duk lokacin da azumi ya kama. Ɗan kasuwa yana yin ta, ɗan kabu-kabu yana yin ta, haka ma uwargida da ke gaban murhu tun la'asar. Cewa suke yi: mun ji falalar zikiri da tuntuntuni, amma mu yininmu a cike yake, daga sahur har zuwa asham ba mu da sararin zama, to ina namu rabon? Amsarmu a taƙaice ita ce, halartar da zuciya ba ta bukatar mutum ya rufe shagonsa ko ya sauke tukunyarsa. Abin da take bukata shi ne bawa ya koyi komo da zuciyarsa wurin da jikinsa yake, ya tuna Wanda yake ganinsa a wurin, kuma ya yi ta maimaita wannan komowa sau da yawa a yini. Sauran darasin bayani ne na yadda ake yin haka.

Mece ce halartar zuciya?

Halartar zuciya ita ce zuciya ta kasance tare da abin da harshe yake faɗa da abin da gaɓoɓi suke aikatawa. Kishiyarta ita ce gafala, wato rafkana. Kowa ya san gafala a aikace. Mutum zai kabbara salla a masallacin unguwarsu a Maraɗi, amma kafin liman ya kai ƙarshen Fatiha ya riga ya je Kano ya saro kaya, ya komo, har ya lissafa ribarsa. Wani zai shanye ƙwaryar fura bai san ɗanɗanonta ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce hankali ke gani, ido gululu ne.

Sai dai tara hankali kaɗai bai isa ya zama ibada ba, domin ɓarawo ma yana tara hankalinsa sarai lokacin da yake haura katanga. Abin da Musulunci yake nema shi ne tara hankali wanda aka ɗaure shi da sanin cewa Allah Yana gani, kuma wannan shi malamai suke kira muraƙaba. Asalinta yana cikin hadisin Mala'ika Jibrilu, wanda Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar, shi ne na biyu cikin Arba'una Hadisi na Imamu Nawawi. A cikinsa an yi tambaya a kan Musulunci, sannan imani, sannan ihsani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana ihsani da daraja biyu: bawa ya tsaya ga bauta da halin wanda yake kallon Ubangijinsa, idan kuwa bai kai nan ba, ya riƙe yaƙinin cewa shi ana kallonsa.

Al'amarin babba ne, domin ladan aiki yana bin gwargwadon halartar zuciya a cikinsa. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ammaru ɗan Yasir cewa mutum yakan gama sallarsa ba a rubuta masa komai daga cikinta ba sai kashi ɗaya bisa goma, wani ɗaya bisa tara, a haka har zuwa rabi. Mutum biyu kafaɗa da kafaɗa a sahu ɗaya, bayan liman ɗaya, amma abin da kowannensu ya tafi da shi gida ya bambanta. Wane lebura ne zai yarda ya yi aikin yini cur a biya shi ushirin ladansa?

Azumi ya riga ya nuna mana muna iyawa

Kada wani ya ce wannan daraja ta waliyyai ce, shi ba zai kai ta ba. Kai mai azumi, ka dubi kanka a lokacin azahar, rana ta take, maƙogwaro ya bushe. Ka ɗauki buta ka zauna alwala, ka sa ruwa a bakinka don kurkura. Babu wanda zai sani idan ka bar ɗigo ya wuce, amma sai ka furzar da shi har ka ƙara tofarwa. Ke ma ƴar uwa, kina ɗaki ke kaɗai, ga randa da ruwa mai sanyi, ga moɗa a kanta, ba ki taɓa ba. Wa ya hana ku? Sanin cewa Allah Yana gani ne ya hana ku. To wannan ita ce muraƙaba, ga ta nan a tare da ku tun ranar farko ta watan.

Abin tambaya shi ne, me ya sa wannan mai gadi yake tsaye a ƙofar maƙogwaro kaɗai? Me ya sa ba ya tsayawa a ƙofar harshe lokacin da aka fara cin naman wani a majalisa, ko a bakin tiya lokacin awon hatsi? Allah Ya bayyana a aya ta 183 ta Suratul Baƙara cewa manufar wajabta azumi ita ce samun taƙawa. Buhari kuma ya ruwaito cewa wanda bai bar ƙarya da aiki da ita ba, Allah ba Ya da bukatar barin cinsa da shansa. Aikinmu a wannan wata shi ne mu ɗauki mai gadin nan da azumi ya tsayar mana, mu zaga da shi sauran ƙofofi.

Uzurin rashin lokaci

Sahabbai ba mutane ne marasa sana'a ba. Abu Huraira ya ba da labarin cewa Muhajirai ciniki a kasuwa yakan ɗauke musu lokaci, mutanen Madina kuwa aikin gonakinsu. Sayyidina Abubakar ɗan kasuwa ne. Abdurrahman ɗan Aufu da ya iso Madina ba shi da komai, abin da ya nema shi ne a nuna masa hanyar kasuwa. Aya ta 37 ta Suratun Nur ta yabi mazaje waɗanda fatauci da ciniki ba sa shagaltar da su daga ambaton Allah, kuma a lura, an yabe su ne suna cikin fataucin. Aya ta 10 ta Suratul Jumu'a ta haɗa umarni biyu wuri ɗaya bayan an idar da salla: a watsu a nemi falalar Allah, kuma a yawaita ambatonSa. A ƙarshen Suratu Ali Imrana an siffanta masu hankali da ambaton Allah a tsaye da zaune da kwance, kuma babu wani hali na huɗu da ɗan Adam yake yini a cikinsa.

Wannan damuwa da ke damun ku ta damu sahabbai kafin ku. Muslim ya ruwaito cewa Hanzala, ɗaya daga cikin marubutan Annabi, ya gamu da Sayyidina Abubakar yana tuhumar kansa da munafunci. Dalilinsa shi ne, idan suna gaban Annabi ana yi musu wa'azi sai su ji kamar suna ganin aljanna da wuta da idanunsu, amma da sun koma cikin iyali da dukiya sai su manta da yawa. Abubakar ya ce shi ma yana samun haka. Da suka kai maganar, Annabi ya sanar da su cewa da za su dawwama a kan halin da suke ciki a gabansa, da mala'iku sun riƙa gaisawa da su hannu da hannu a hanyoyinsu da shimfiɗunsu, amma akwai lokacin wannan, akwai lokacin wancan. Ke nan hawa da saukar zuciya ɗabi'a ce ta ɗan Adam, ba alamar munafunci ba ce. Abin da ake so shi ne kada saukar ta daɗe.

Sharaɗin safe

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya ware babi guda a kan muraƙaba da yi wa kai hisabi cikin littafinsa Ihya'u Ulumiddin, kuma da misalin ƴan kasuwa ya gina shi. Wanda ya ba abokin tarayya jari yakan gindaya masa sharaɗi tun farko, ya sa masa ido a tsakiya, ya yi lissafi da shi a ƙarshe. Haka hankali ya kamata ya yi da rai. Jarin shi ne rayuwa, kuma kowace safiya ana damƙa wa bawa awa 24, wato minti 1440, waɗanda ba a ajiye su don gobe.

Saboda haka bayan sallar asuba, kafin ka tashi daga inda ka yi sallama, ka ɗauki minti biyu ko uku ka gindaya wa ranka sharaɗi. Kada sharaɗin ya zama na gaba ɗaya, kamar ka ce yau zan zama mutumin kirki. Ka ambaci wurin da ka san ƙafarka ta saba zamewa. Mai shago ya ce yau ba zan rantse a kan farashi ba. Ma'aikacin biro ya ce yau ba zan bar mai bukata tsaye ina hira ba. Uwa ta ce yau ba zan zagi yaro ba ko ya ɓata mini rai. Sharaɗi ɗaya da aka ambata da sunansa ya fi goma da aka bari a dunƙule.

A wannan zama ne kuma ake gyara niyya. Hadisin farko na Arba'una ya koyar da cewa ayyuka suna bin niyyoyinsu, kuma ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa abin da mutum ya ciyar da iyalinsa yana neman lada, sadaka ne a gare shi. Wanda ya fita da niyyar neman halal don ya rufa wa iyalinsa asiri ya kuma kame daga roƙo, to turin amalankensa da zaman shagonsa sun shiga ma'aunin lada.

Turaku a cikin yini

Dabbar da ba a ɗaure ba takan shiga gonar mutane. Zuciya ma haka take, kuma sunna ta kafa mata turaku a wuraren da dole kowa ya bi ta kansu: tashi daga barci, sa tufafi, fita daga gida, hawa abin hawa, fara cin abinci, komowa gida. Kowane ɗaya yana da ambaton Allah da aka koyar a kansa. Hikimar ita ce, mai yawan hidima ba sai ya nemi wani lokaci na dabam ba, aikin da yake yi shi ne zai tuna masa.

Da yawanmu mun haddace waɗannan addu'o'i tun muna makarantar allo, sai dai harshe ya saba da su har yana faɗarsu zuciya ba ta sani ba. Maganin haka shi ne ɗan dakatawa gwargwadon numfashi ɗaya kafin a furta. Ka sa mabuɗi a ƙofar shago, ka dakata, ka san a gaban Wa kake, sannan ka ce Bismillahi. Ka hau babur, kafin ka tayar da shi ka yi haka. Wanda bai haddace doguwar addu'a ba, Bismillahi da zuciya a farke ta fi masa doguwar da aka karanta a guje. A fara da turaku uku a yini, idan sun kafu a ƙara. Tirmizi ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Busru cewa wani mutum ya koka wa Annabi cewa ayyukan addini sun yi masa yawa, ya nemi abu ɗaya da zai riƙe, sai aka umarce shi da kada harshensa ya bushe daga ambaton Allah. Wannan wasiyya ce ta masu hidima.

Salloli biyar

Manyan turaku su ne salloli biyar, raka'a 17 na farilla a kowane yini. Halartar zuciya a salla tun daga wajen alwala take farawa. Wanda ya yi alwala yana ciniki, ya sheƙo a guje don ya riski ruku'u, zuciyarsa tana can baya ba ta iso ba. Shi ya sa aka hana zuwa salla da gudu, aka yi umarni a taho da natsuwa, abin da aka riska a sallata, abin da ya wuce a cika.

Sannan a kawar da abin da ke ɗauke hankali tun kafin kabbara. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi ya yi salla cikin wani mayafi mai zane, da ya idar sai ya sa aka mayar wa Abu Jahmi da shi aka karɓo wanda ba shi da ado, saboda zanen ya ɗauki hankalinsa. Idan zanen mayafi ya isa a kawar da shi, to ina ga salular da ke ruri a aljihu? A kashe ta a ƙofar masallaci. Haka kuma an hana salla alhali abinci yana gaban mai jin yunwa, ko mutum yana matse da bawali ko bayan gida.

A cikin sallar kuwa, abu biyu za su taimaka. Na farko sanin ma'anar abin da ake karantawa. Fatiha aya bakwai ce, muna maimaita ta aƙalla sau 17 a yini, kuma Muslim ya ruwaito cewa Allah Yana amsa wa bawa a kan ayoyinta ɗaya bayan ɗaya. Bai kamata wannan wata ya fita ba a bar baligi bai san fassararta ba, ga malamai a kowace unguwa. Na biyu natsuwar gaɓoɓi. Ɗalibai sun sani cewa littafin Ahalari ya lissafa natsuwa da daidaituwa cikin farillan salla. Idan jiki yana caccakar ƙasa kamar zakara, zuciya ba ta da inda za ta sauka.

A kasuwa da kan hanya

Daga Kasuwar Dole ta Damagaram zuwa Katako ta Yamai, jarrabawar ɗan kasuwa iri ɗaya ce, kuma a ɗan lokaci kaɗan take faruwa: lokacin da hannu yake cika tiya, lokacin da mai saye ya tambayi aibin kaya, lokacin da yaro ko baƙauye ya zo bai san farashi ba. Nan ne wurin halartar zuciyar mai ciniki. Sura guda a Alƙur'ani, Suratul Muɗaffifina, ta buɗe da narko a kan masu cika mudu idan za su karɓa, su tauye idan za su bayar. Kuma ya tabbata cewa rantsuwa tana sayar da kaya amma tana shafe albarka.

Malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar yana zaga Madina da dare sai ya ji wata mata tana umartar ɗiyarta ta zuba ruwa a nonon da za su sayar. Yarinyar ta tuna mata cewa Sarkin Musulmi ya hana. Uwar ta ce ai ba ya ganinsu, ita kuwa ta amsa cewa Ubangijinsa Yana gani. Umar ya aurar da ita ga ɗansa Asimu, kuma daga zuriyarta aka sami Umar ɗan Abdul'aziz. Wannan yarinya ba a kan buzun salla take ba, a gaban ƙwaryar nono take.

Ga wasu masu sana'a kuwa, tara hankali a kan aikin shi ne ibadarsu a wannan lokaci. Direban da ya ɗauko mutane daga Tawa zuwa Ƙonni, rayuka ne aka ba shi amana, idonsa da hankalinsa na hanya ne. Ya yi tasbihi da harshe, amma kada ya saki sitiyari don jan carbi, kada kuma ya duba salula. Muna jan kunnen masu babura musamman a kan gudun da ake yi gab da magariba don a riski shan ruwa a gida. Dabino uku a aljihu sun isa a buɗa baki a gefen hanya. Hadisi na 17 na Arba'una ya koyar da cewa Allah Ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, har mahauci an umarce shi ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Tela da magini da ma'aikaciyar asibiti duk sun shiga ƙarƙashin wannan.

A cikin gida

Ƴan uwa mata, ku ne kuka fi kowa hidima a wannan wata, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga kunu da ƙosai, ga yara. Ku sani Nana Faɗima, ɗiyar Annabi, hannunta ya yi kanta saboda niƙa, har ta je neman mai taimaka mata. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa mahaifinta ya zo ya same ta ita da Sayyidina Ali sun kwanta, ya koya musu tasbihi 33, tahmidi 33, kabbara 34 a lokacin kwanciya, ya sanar da su cewa wannan ya fi musu mai hidima. Wadda ta yi niyyar ciyar da masu azumi tun lokacin da take hura wuta, harshenta kuma yana motsi da salati da istigfari, madafarta ta zama wurin ibada. Sai dai a kiyaye, kada yawan kwanuka ya kai ga haɗa la'asar da magariba.

Ku kuma magidanta, halartar zuciya a gida ita ce idan matarka ko ɗanka yana yi maka magana ka saurare shi da dukkanka. Masu siffanta Annabi sun ce idan zai juya ga mutum yakan juya gaba ɗayansa. Kuma ku rage wa mata nauyi, domin Nana A'isha ta shaida cewa yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi ya fita.

Lokacin fushi

Bayan la'asar, yunwa ta yi ƙarfi, haƙuri ya yi ƙaranci. Yawancin faɗan watan azumi, a bakin famfo ko a tasha ko a tsakar gida, a wannan lokaci yake tashi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fushi yana da alamu da ke riga magana fitowa: zafi a ƙirji, numfashi ya ɗaga, murya ta fara hawa. Mai halartar zuciya shi ne wanda ya gane alamun tun kalmar ba ta fita ba, domin magana zarar bunu ce. Sunna ta ba da magani a jere: a nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, a yi shiru, wanda yake tsaye ya zauna. Mai azumi kuma an ba shi wata garkuwa ta musamman, idan an zage shi ko an neme shi da faɗa ya ce shi mai azumi ne. Kafin abokin faɗa ya ji wannan kalma, mai faɗinta ne ya fara jin ta.

Salula da rediyo

Taura biyu ba ta taunuwa, kuma Alƙur'ani ya faɗa a Suratul Ahzabi cewa Allah bai sanya wa mutum zuciya biyu a cikinsa ba. Salula tana da amfani wajen zumunci da ciniki, amma ta cinye ƴan guntayen lokutan da a dā zuciya take hutawa a cikinsu, kamar jiran mota, jiran mai saye, da tsakanin kiran salla da iƙama. Waɗannan guntaye su ne dukiyar mai hidima. A ware wa salula lokutanta, a bar wa Allah sauran. Har wannan rediyo da kuke saurarenmu ta cikinsa yana da ladabi. Aya ta 204 ta Suratul A'arafi ta yi umarni da saurare da yin shiru idan ana karanta Alƙur'ani. Minti goma na tafsiri da aka saurara da kunne da zuciya sun fi awa biyu da aka bar akwati yana ta yi ana hira a kansa.

Shan ruwa da hisabin dare

Idan ladan ya kira magariba, kada a afka wa abinci kamar ana kora. Kurɓin farko na ruwa bayan yinin zafi darasi ne da ba a samun irinsa a littafi. Ka ji saukarsa, ka tuna Wanda Ya saukar da shi daga sama, ka tuna waɗanda suka kai magariba ba su da abin da kake da shi, sannan godiyarka ta fito daga inda ya kamata. Wannan lokaci ne na addu'a, kada a bar shi ya wuce a cikin hayaniya.

Bayan asham, kafin barci, sai a rufe lissafi kamar yadda mai shago yake ƙirga cinikinsa. An ruwaito daga Sayyidina Umar yana kiran mutane su yi wa kansu hisabi tun ba a yi musu ba. Ka tambayi ranka sharaɗin da ka gindaya masa da asuba: ya cika ko ya saɓa? Idan ya cika ka gode wa Allah. Idan ya saɓa ka nemi gafara, idan kuma hakkin wani ne ka ƙudurta mayar da shi ko neman yafiya da safe. Minti biyar sun isa.

Idan zuciya ta kuɓuce

Za ta kuɓuce, sau da yawa kuwa. Makiyayi ba ya zama ya yi kuka don akuya ta bar garke, korota yake yi ta komo, ta sāke fita ya sāke korowa. Aya ta 201 ta Suratul A'arafi ta siffanta masu taƙawa da cewa idan wani waswasi na Shaiɗan ya shafe su sukan tuna, sai ga su suna gani. Ba a ce ba ya shafar su ba. Shari'a da kanta ta san da mantuwa, shi ya sa aka sanya sujadar ƙabli da ba'adi, kuma Annabi ya taɓa sallamewa bayan raka'a biyu a salla mai raka'a huɗu har Zulyadaini ya tuna masa. Ibnu Aɗa'illahi na Iskandariyya ya yi nasiha cikin Hikam cewa kada a bar zikiri don rashin halartar zuciya a cikinsa, domin barinsa ɗungum ya fi muni, kuma mai yi ana sa ran a ɗaga shi daga mataki zuwa mataki.

A kiyayi kuma wani tarko, shi ne waswasi. Wanda yake maimaita alwala sau biyar, ko yake ta sāke kabbarar harama wai niyyarsa ba ta zauna ba, wannan ba muraƙaba yake yi ba, Shaiɗan ne ya biyo masa ta ƙofar ibada. Hukuncin mai yawan kokwanto a mazhabarmu ta Malikiyya shi ne ya yi watsi da kokwanton ya ci gaba da sallarsa, ya yi sujada bayan sallama. Alamar halartar zuciya ta gaskiya ita ce natsuwa da sauƙin hali ga mutane.

Ya ku ƴan uwa, Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Kada wanda ya ji wannan darasi ya ce gobe zai ɗauke shi duka. Ya ɗauki sharaɗi ɗaya da asuba, turaku uku da rana, hisabi ɗaya da dare, ya riƙe su har ganin watan Shawwal, sannan ya wuce da su bayan salla, domin Ubangijin Ramadan Shi ne Ubangijin sauran watanni.

Allah Ya raya zukatanmu da ambatonSa, Ya tsare mu daga gafala, Ya sanya albarka a sana'o'inmu da gidajenmu. Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.